Gudu Da Tseren Keke A Ƙasar Arewa: Sai An Iya Rabon Kwana

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a garin Dogon Dutsi, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ya san abin da za mu faɗa. A bakin gudron da ya taho daga Yamai, ya ratsa Dosso, ya nufi Birnin Ƙonni, za ka tarar da samari ƙungiya-ƙungiya suna gudu, wasu da takalmin roba, wasu da silifa, galibinsu suna shirin shiga soja ko jandarma. Kafin rana ta ɗaga kuma sai ga ayarin 'yan lakkol bisa kekuna sun fito daga ƙauyukan kewaye, kowa da jakar littattafai ɗaure a baya. Haka abin yake a Kore Mai Ruwa, haka yake a Matankari, haka yake a Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa, ƙasa ce ta tafiyar ƙafa da keke tun kafin kabu-kabu ya cika hanya.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne, sau da yawa mai gudun nan da mai keken nan mutum ɗaya ne. A unguwarmu mun ga wani yaro mai hazaƙa wanda kullum yake taka keke zuwa makaranta ya komo, tafiyar fiye da sa'a guda, da la'asar ya leƙa garka ya yi ban ruwa, kafin magariba kuma ya fita gudu iya ƙarfinsa, kwana bakwai a mako, saboda an ce ɗaukar soja ta kusa. Ranar Lahadi ma bai huta ba, domin abokansa sun shirya tseren keke. Duk mai ganinsa yana yaba masa. Da ranar gwajin ta zo, ƙwaurinsa ya kumbura har ba ya iya taka ƙasa da kyau, sai ga waɗanda yake wucewa a da sun bar shi a baya. Iyayensa suka ce sammu ne, abokansa suka ce rashin sa'a. Mu kuwa muka ce jiki magayi, ya daɗe yana faɗa masa gaskiya, shi ne bai saurara ba.

Ra'ayinmu a kan wannan batu a fili yake. Matashi na iya haɗa gudun dogon zango da tseren keke, har kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa, amma da sharaɗi guda: ya san cewa ƙarfin jikinsa rumbu ɗaya ne. Daga wannan rumbu gudu yake ɗiba, daga nan keke yake ɗiba, daga nan kuma noma da jan guga da tafiyar kasuwa suke ɗiba. Duk magidancin da ya ajiye mata biyu ya san cewa zaman lafiyar gidansa yana ga rabon kwana da rabon hatsi. Wanda bai iya wannan rabo ba, kafin damina rumbunsa ya ƙare. To haka yake ga mai gudu da keke.

Bari mu fara da abin da wasannin biyu suka yi tarayya a kai. Zuciya da huhu ba ruwansu da ko a ƙafa kake ko bisa sirdi. Idan ka yi sa'a guda kana aikin da ke sa numfashi ya ɗaga, zuciya tana koyon tura jini mai yawa a kowane bugu, jijiyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, jiki kuma yana koyon cin kitse a madadin sukari. Wannan riba ce da mai keke zai tafi da ita filin gudu, mai gudu kuma ya hau keke da ita. Inda suka rabu shi ne ƙafa. A wajen gudu, duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a kan ƙafarsa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma a sa'a guda zai yi taku dubbai. A kan keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da nauyin, cinya ce ke aiki, ƙashi da agara suna hutawa. Matsalar ita ce zuciya tana ƙarfi a cikin makonni, amma ƙashi da agara sai sun ɗauki watanni kafin su saba da duka. Shi ya sa gwanin keke idan ya sauko gudu yake jin bai gaji ba, numfashinsa lafiya lau, ya yi ta ƙarawa, har ƙwauri ko gwiwa ta ba shi amsa.

Wannan ba a ƙauye kawai yake faruwa ba. Lance Armstrong, Ba'amurken nan da ya shahara a tseren keken Faransa kafin a ƙwace kambunansa a 2012 saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ya shiga gudun fanfalaki na birnin New York a 2006. Ya gama kilomita 42 ɗin a ƙasa da sa'a uku da 'yan daƙiƙoƙi, amma daga baya aka gano ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Zuciyarsa ta iya tafiyar, ƙashinsa ne bai iya ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda ya ci zinare a gudun fanfalaki na Olamfik har sau biyu, a Rio a 2016 da Tokyo a 2021. Duk da gudu ne sana'arsa, yana hawan keken motsa jiki na girke a cikin horonsa, domin ya motsa jini ba tare da ya ƙara wa ƙafa duka ba. Mai karatu ya lura da darasin: keke hutu ne ga ƙafar mai gudu, gudu kuma, idan an bi shi a sannu, yana ƙarfafa ƙashin mai keke.

Mun san akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa, yaro ya zaɓi ɗaya kawai ya tsaya a kai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ya riga ya zama gwani yana neman lambar yabo ta duniya, domin a wannan mataki dole mafi yawan lokacinsa ya tafi ga fanni guda. Amma yaronmu na Kiyeshe ko Dumega ba shi da wannan zaɓi. Keken nan shi ne motarsa, da shi yake zuwa makaranta, da shi yake kai ƙanwarsa likita, da shi ake aikensa kasuwa. Ko ya so ko ya ƙi yana taka shi kullum. Abin da ya rage shi ne ya lissafa wannan tafiya a cikin horonsa. Yaron da ya yi sa'a guda da rabi bisa keke cikin rairayi, ya riga ya yi rabin aikin yini, bai kamata da yamma ya fita gudu kamar wanda ya wuni kwance ba.

Akwai kuma masu cewa ai mu jikan manoma ne, wahala ba ta kashe mu, duk wannan lissafi na 'ya'yan hutu ne. Babu shakka ƙasar da ta haifi Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, ba a koya mata jarunta. Amma jarunta daban, shiri daban. Ba mu manta da Hamadou Djibo Issaka ba, ɗan ƙasarmu da aka tura tseren kwale-kwale a Olamfik na Landan a 2012 bayan horon watanni uku kacal. Ya yi iya ƙoƙarinsa, 'yan kallo sun tafa masa, amma shi ne na ƙarshe. Laifin ba nasa ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Manomi da kansa ya san ba a noma da tsakar rana a kullum har a gama damina, ya san ranar da zai sassauta, ya san jakin da ya yi doguwar tafiya jiya ba a ɗora masa buhu uku yau. Hikimar da muke yi wa dabbobinmu ita muke roƙon a yi wa 'ya'yanmu.

To yaya ake wannan rabo? Ƙa'ida ta farko ita ce a kowane lokaci a san uwargida. Idan abin da ke gabanka gwajin gudu ne nan da wata uku, gudu ne uwargida, shi ke da ranakun aiki mai zafi, keke kuma ya zama na shan iska da murmurewa. Idan tseren keke ne a gaba, sai a juya, a bar gudu sau biyu a mako, gajere, don kada ƙafa ta manta. Neman kaiwa ƙololuwa a duka biyun a mako ɗaya shi ne haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ƙa'ida ta biyu ita ce mafi yawan horo ya zama mai sauƙi. Masu binciken wasanni, irin su Stephen Seiler da ke koyarwa a ƙasar Norway, sun duba yadda gwanayen gudu da keke na duniya suke horo, suka tarar kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a sannu suke yin sa, kashi 20 ne kawai mai zafi. Ba sai da agogo mai tsada za ka auna wannan ba. Idan kana gudu kana iya hira da abokinka ba tare da maganar ta yanke ba, kana cikin mai sauƙi. Samarinmu akasin haka suke yi, kowace fita gasa ce, kowa na tsoron a ce ya gaza. Ƙa'ida ta uku, kada rana mai zafi ta bi rana mai zafi, ko da ɗaya ta keke ce ɗaya ta gudu. Ta huɗu, a riƙa lissafi da minti, a bar lissafi da kilomita, domin kilomita goma a gudron ba daidai take da kilomita goma a rairayin fadama ba. Ta biyar, ƙari ya zama kaɗan-kaɗan, masu horarwa da dama suna cewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako.

Ga misalin mako ɗaya ga saurayin da ke shirin gudu kuma yake zuwa lakkol da keke. Litinin, keken makaranta ya wadatar. Talata da asuba, gudu mai zafi: bayan ɗumama jiki na minti goma, ya yi minti uku da ƙarfi, minti biyu a sannu, sau biyar ko shida. Laraba, keke kawai, a hankali. Alhamis, gudu mai sauƙi na minti talatin zuwa arba'in. Juma'a, hutu sosai. Asabar, dogon gudu a sannu, wanda zai fara da minti arba'in da biyar ya riƙa ƙarawa har ya kai sa'a guda da kwata. Lahadi, yawon keke da abokai, ba tsere ba. Wanda kuma yake son gasar da ke haɗa biyun, sau ɗaya a mako ya sauka daga keke ya zarce da gudun minti goma, domin ƙafa ta saba da nauyin da take ji a wannan lokaci. Bayan kowane mako uku a sassauta a na huɗu. Idan gasa ta rage kwana bakwai zuwa goma, a rage yawan aiki sosai, domin ƙarfin da aka tara a lokacin hutu yake fitowa. Akwai kuma awo na kyauta: da farkawa, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti guda. Ranar da ka ga ya haura abin da ka saba da bugu kusan goma, ko barci ya ƙi, ko abinci ya fita ranka, ranar ta hutu ce.

Sai dai littattafan horo da ke zuwa mana an rubuta su ne a ƙasashen da ba su san bazara ba. Mu a nan kalandarmu daban ce, kuma ita ya kamata mu bi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kalme da hauya sun riga sun karɓi rabonsu. Wanda ya wuni yana noman gero ya yi horon da ya fi ƙarfin na filin wasa, abin da ya rage masa shi ne ɗan gudu sau biyu a mako don riƙe sabo. Da kaka, bayan an ɗaure dammuna, ciki ya cika, lokacin aza harsashi ne, a yi ta dogon keke da gudu mai sauƙi. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne damina ga ɗan wasa, a nan ake aiki mai zafi, a nan ya kamata gasa ta kasance, sai dai ranar da hazo ya rufe gari a haƙura, musamman ga mai asma. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gudu bayan hantsi kasada ce da rai. A nan keke ya fi dacewa ya zama uwargida, saboda iskar da ke kaɗa mai keke tana sanyaya jiki, kuma yana iya ɗaukar ruwansa. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ya saba da sabon zafi, saboda haka a sassauta a farkon bazara. Da azumi kuma, a mai da horo bayan shan ruwa ko bayan asham, a rage tsawonsa. Wata ɗaya na sassauci ba ya rushe aikin shekara.

Ita ma ƙasar tamu ta raba wa kowane wasa wurinsa. Rairayin Dallol Mawri, wannan tsohon kwari da ya ratsa gundumomin biyu, yana wahalar da keke amma yana tausaya wa gwiwar mai gudu, yana kuma ƙarfafa idon sawu. Hawan tudu da ke kewaye da Dutsi ya isa ya maye gurbin duk wata na'urar ɗakin motsa jiki. Hanyoyin jan ƙasa sun dace da duka biyun, in ban da tsidau da ƙaya da ke aika mu wajen mai faci. Gudron kuwa na keke ne, gudu a kansa kullum yana cin ƙwauri. Amma a tuna hanyar nan ta ƙasa mai lamba ɗaya ta manyan motoci ce da bas-bas masu gudun tsiya. Mai gudu ya bi gefen da zai fuskanci motar da ke tahowa, ya sa farar riga, mai keke ya duba birkinsa, kada a jeru uku-uku. Halin tsaron da ake ciki a wasu sassan yankin ma ya isa ya sa a daina nisa cikin daji mutum ɗaya ko kafin gari ya waye. Sannan a gyara tsawon sirdi: idan ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Yawancin ciwon gwiwar 'yan lakkol daga sirdin da ya yi ƙasa yake zuwa, ko daga keken babba da aka ba yaro. Tsohon Phoenix ko Raleigh da aka gyara da kyau ya isa a fara da shi.

Maganar ruwa da abinci ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. A cikin zafi, mai gudu ko keke na iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda, kuma tare da ruwan gishiri yake fita. Wanda zai wuce sa'a guda ya tafi da gorarsa. Haɗin nan da ake yi wa mai zawo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya fi lemon gwangwanin da ake tallan yana ba da ƙarfi amfani da araha. Fitsari shi ne shaida, idan ya yi ja, jiki na neman ruwa. Bayan an dawo, kwanon fura da nono ya haɗa abin da tsoka ke nema. Ga wake, ga ƙuli-ƙuli, ga kwaɗon zogale, ga dabino a aljihu don doguwar tafiya. Amma mu faɗi gaskiya, a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci, yaron da bai karya ba kada a tura shi gudun asuba. Horo a kan yunwa rama yake kawowa.

Sai babbar annoba, wato taramol. Mun ji samari suna cewa ita ke sa su yi nisa ba su gaji ba. Abin da ƙwayar ke yi shi ne toshe kunnen mutum daga jin ƙarar jikinsa, ciwon yana nan yana ƙaruwa, ga jiri, ga farfaɗiya, ga kamu da ba ya saki. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana amfani da ita a gasa tun watan Maris na 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya kuma ta sa ta cikin jerin haramtattu daga Janairun 2024. Duk wanda ya fara da ita ya rufe wa kansa ƙofa tun bai fita gida ba. Haka kuma wanda ya tashi daga masassarar cizon sauro ya ba jikinsa lokaci, domin cutar tana cin jini, kuma jini ne ke kai iska ga tsoka. Sikila ma tana da yawa a cikinmu, kuma har wanda yake ɗauke da rabinta kawai, wanda bai taɓa kwanciya ba, yana iya faɗuwa idan ya haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙishirwa. Gwajin jini sau ɗaya a likita ya fi dogon nadama. Duk wanda aka ga ya rikice, yana tangaɗi ko magana ba kai a lokacin gudu, a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a nufi likita da shi.

Me ya sa wannan magana ta wuce ta yaro ɗaya? Saboda muna zaune a kan dukiya ba mu sani ba. Tun da Nijar ta fara zuwa Olamfik, lambobin da aka fi tunawa da su na dambe ne da taekwondo: tagullar Issaka Dabore a Munich a 1972, da azurfar Abdoulrazak Issoufou Alfaga a Rio a 2016. A gudun fanfalaki, Abdou Manzo ya wakilce mu sau uku, a 1988 da 1992 da 1996, amma ba a gina wani abu mai ɗorewa a kan sawunsa ba. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna shirya tseren kekensu na ƙasa tun 1987, har ya zama abin alfaharinsu. Eritrea, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta fitar da Biniam Girmay, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a tseren Faransa na 2024, kuma tushen abin shi ne tseren unguwa da ake yi a titunan Asmara. Haile Gebrselassie na Habasha da gudun zuwa makaranta ya fara, kilomita goma zuwa, goma dawowa. Mu ma mun san yadda ake yi, domin kokowa ta nuna mana. Tun gasar Takobi ta farko a Tawa a 1975, kokowa ta samu tsari daga dandalin ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, shi ya sa jihar Dosso ta iya fitar da Kadri Abdou, wato Issaka Issaka, wanda ya ɗauki Takobi sau da dama. Gudu da keke ba su samu wannan tsani ba.

Saboda haka muna kira ga perefe-perefen Dogon Dutsi da Tibiri, da shugabannin kwamin-kwamin, da jami'an matasa da wasanni, da sarakunanmu, da su kafa gasa guda a shekara wadda za ta haɗa gudu da keke. Irin wannan gasa sananniya ce a duniya, tsarinta da aka fi sani shi ne gudun kilomita 10, keke kilomita 40, sannan gudun kilomita 5. Mu mu fara da rabin haka ga manya, da kwata ga 'yan makaranta. Ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, ta faɗo a tsakiyar ɗari, hatsi na rumbu, babu lokacin da ya fi ta dacewa. A fara da share fage a Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Gesheme da Dumega da Kore Mai Ruwa, a yi ta ƙarshe shekara guda a Dutsi, shekara guda a Tibiri. A ware rukunin keken gida, don kada ɗan mai kuɗi ya ci gasa da tsadar kekensa. A tashi da sassafe, a ajiye ruwa a hanya, a samu malamin likita a wurin, jandarma su tsare hanya na sa'a biyu. Kyautar ta zama keke da takalmi da buhun gero. Kuma a sanar da ranar wata uku kafin lokaci, domin gasar da aka yi shelarta saura mako ɗaya raunuka kawai take haifarwa. 'Yan kasuwarmu da 'yan ƙasar da ke Yamai da Kwatano da Legas, idan kowa ya ɗauki nauyin keke ɗaya, an gama.

Malaman motsa jiki na makarantun sakandare su ne ginshiƙin wannan aiki. Su tambayi kowane ɗalibi nisan da yake takowa kafin su jera su gudu, su koya musu ƙirga bugun zuciya da rubuta aikin mako a bayan littafi. Kada kuma a manta da 'yan mata. Da yawansu suna tafiyar ƙafa da kaya a ka wadda namiji ba zai iya ba, keke kuma yana taimaka wa yarinya ta ci gaba da karatu idan makaranta ta yi nisa. A ba su rukuninsu, cikin sutura ta mutunci, ƙarƙashin kulawar malamai mata. Iyaye kuma, idan kun ga ɗanku yana ɗingishi, ranar hutu ce ta zo, kada a kira shi rago.

Shi wancan yaro na unguwarmu ya yi wata biyu bai yi gudu ba, keke ne ya riƙe masa numfashinsa har ƙwaurin ya warke. Yanzu gudunsa sau uku ne a mako, Juma'a kuma ba ya taɓa takalmi, yana jiran ɗauka ta gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Muna fatan ƙannensa ba sai sun bi ta hanyar da ya bi kafin su gane ba. Allah Ya ba matasanmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu dace, amin.